Ɗakin kallo a gida: sikatin ake fara sawa ko kafet, kuma ya zan kare fentin?

Mai_Majigi

Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Dan Allah masana ina neman shawara. Akwai ɗakin da nake mayarwa ɗakin kallo, majigi da allo da sifiku, ƙaramar sinima dai ta cikin gida. Tsawonsa mita 6, faɗi mita 3.8, silin wajen mita 2.8. An gama filasta an yi daɓen siminti, bango na sa an shafa ruwan toka mai duhu wanda ba ya sheƙi, silin kuma baƙi. Sikatin ɗin, wato abin da ake zagaye gindin bango da shi, katako ne, shi da firam ɗin ƙofa duk an yi masu baƙin fenti suna nan a jingine ba a kafa ba tukuna.

To ga inda na tsaya. Kafinta ya ce shi zai fara kafa sikatin sannan masu kafet su zo, mai kafet kuma ya ce a'a a bari ya shimfiɗa tukun sai a ɗora sikatin a kai, wai in ba haka ba kar in zo ina cewa ya kankare min fenti. Kowa na ja, ni kuma ban san maganar wa zan ɗauka ba, kuma kun san baƙin fenti ko ɗan ƙarce ne sai ya fito fili.

Sai kuma ina so in yi layin kujeru biyu, na baya a kan dandamali, shi ma kafin kafet ake yinsa ko bayan? Wayoyin sifikun baya zan iya bi da su ta ƙarƙashin kafet? Kuma da gaske ne in na sa kafet mai kauri ƙara ba za ta dami na ɗakin kusa ba? Allah ya saka da alheri.

Baban_Kafet

Wa alaikumus salam. Malam bi maganar kafintanka, sikatin ake fara sawa. Mai kafet ɗinka ba ƙarya ya yi ba, bayan kafet kaushi gare shi sosai yana kankare fenti, amma abin da ya kawo sauƙin kansa ne kawai yake nema. In aka danne kafet da sikatin, ranar da za ka canja shi ko ruwa ya zube kana so ka ɗaga gefe ɗaya ya sha iska, dole sai ka ɓamɓare sikatin gaba ɗaya, kuma ba ya fita lafiya, sai ya tafi da filasta.

Yadda ake yi shi ne kafinta kar ya zaunar da sikatin a ƙasa, ya ɗaga shi kamar milimita 10 zuwa 12 daga daɓe. Ya samu ɗan guntun filawud mai wannan kaurin ya riƙa sawa a ƙarƙashi yana bugawa yana zarewa, haka zai tafi daidai har ya zagaye ɗakin. In ka riga ka zaɓi kafet ma karɓo guntunsa a gwada da shi, don wani ya fi wani kauri. Wannan ratar ita ce inda bakin kafet zai shige ya ɓuya.

Sannan akwai siririn katakon nan mai ƙananan ƙusoshi a tsaye wanda ke riƙe kafet, ana kafa shi zagaye da ɗaki, bakin ƙusoshin na kallon bango, a bar ɗan tsakani da sikatin wanda bai kai kaurin kafet ɗin ba, kar dai ya wuce santimita 1. Soson da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kafet yana tsayawa ne a jikin katakon, ba ya hawa kansa. Sai a ja kafet a maƙala a ƙusoshin a datse a cusa bakin.

Wuri uku ne fenti ke lalacewa, ka sa ido a kansu. Na farko lokacin shigo da naɗin, yana da nauyi, yara za su jawo shi ya goge firam ɗin ƙofa, to ka naɗe firam ɗin da kwali tun daga ƙasa har tsayin kafaɗa kuma ka cire ƙofar gaba ɗaya. Na biyu lokacin da aka warware shi, ai ana barin rara tana hawa bango kamar santimita 8 ko 10 kafin a datse, to bayan nan mai kaushi shi ke gogar sikatin duk sanda aka motsa shi. Na uku wajen cusa baki, wasu da ƙarfe suke turawa, hannu na zamewa shikenan an ja layi. Ka ce su yi da na roba.

Maganinsa tef ɗin masu fenti mai faɗi, ka bi sikatin da shi layi biyu, na ƙasan ya sauko har bakin katakon, in da hali ka ƙara siraran kwali a kai. Kar ka kuskura ka sa salatif ɗin ɗaure kwali, wannan da fentin zai taso.

Wani abu kuma, ka tambaye shi da me zai ja kafet ɗin. In da abin bugu da gwiwa kaɗai ne to a ɗaki mai mita 6 bai isa ba. Ƙa'ida ana jan kafet kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari, a naka ɗakin santimita 6 zuwa 9 kenan a tsawo, gwiwa ba za ta ba ka wannan ba, bayan wani lokaci za ka ga ya fara tattarewa a tsakiya musamman inda ake jan kujera. Akwai injin ja mai dogon bututu, shi kuma gindinsa a jikin sikatin ɗin bangon da ke fuskantarsa yake tokarewa, da ƙarfi kuwa, don haka a sa dogon katako da aka naɗe da guntun kafet a tsakani ya raba nauyin, in ba haka ba zai lotsa maka sikatin.

Faɗin naɗi kuma, akwai mai ƙafa 12 wato mita 3.66, akwai mai mita 4. Naka 3.8 ne, ka ga na farkon ba zai rufe ba sai an yi haɗi. Nemi mai mita 4 ka huta.

Dan_Fenti

Baba ya gama magana wlh. Abu ɗaya zan ƙara, yaushe aka yi fentin? Don bushewa daban, ƙanƙamewa daban. Fentin ruwa awa kaɗan ka taɓa ka ji ya bushe amma kafin ya yi tauri sosai yana iya kai sati 3 zuwa wata guda, na mai kuma wajen sati. In ka manna tef a kan wanda bai ƙanƙame ba ko mai kyau ne zai iya ɗagowa da shi. Gwada a gefen da kujera za ta rufe, ka manna ka bar shi ya kwana ka cire ka gani. In an gama aiki ka cire tef a ranar ko washegari, a hankali a karkace, ba fizga ba.

Kuma bayan kafinta ya kafa ai akwai ramukan ƙusa da za a cike a sake shafawa, to lissafin kwanakin daga wannan shafin na ƙarshe zai fara. Ka ajiye ragowar fentin a gwangwani da ƙaramin buroshi, duk iya kiyayewarka sai ka samu wuri biyu uku da za ka taɓa.

Injiniyan_Sauti

Ɗan'uwa maganar kafet zai tare ƙara, cire ta a ranka. Kafet yana rage amsa-kuwwa a cikin ɗakin, maganar 'yan fim ta fito tas, wannan gaskiya ne kuma shi ya sa ake son sa. Amma siraran sautuka kawai yake sha. Abin da ke damun maƙwabcin ɗaki shi ne rugugin wufa, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri, kuma sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, in ka lissafa sauti mai kauri irin na 50Hz tsawon zangonsa ya kusa mita 7, to me kafet da soso na santimita 2 za su yi masa? Wucewa zai yi abinsa. Abin da ke tare ƙara nauyi ne da toshe kafa. Bangon bulo ya riga ya taimake ka, inda za ka sha wuya ƙofa ce da taga. Sa ƙofa mai nauyi wadda cikinta ba holoƙo ba, a zagaye firam da roba, kuma ka lura in an sa kafet sai an rage ƙasan ƙofar don ta buɗu, kafinta in bai yi hankali ba zai yanke da yawa ya bar maka rata, ta nan duk ƙarar za ta fice. A rage daidai, a sa robar ƙasan ƙofa.

Dandamali kafin kafet ake yinsa, ba ma tantama. A kan daɓe zai zauna, sannan a lulluɓe shi da kafet daban. Tsayi yawanci santimita 20 zuwa 30 ne amma kar ka bi lamba kawai, zaunar da mutum dogo a kujerar gaba kai kuma ka ɗora kujera a kan bulo a baya ka ga ko kana hango ƙasan allon ta saman kansa. In ya wuce 20 ka yi masa matakala ɗaya da ɗan fitila a gefe, mutane a duhu za su riƙa hawa. Cikinsa kuma kar a bar shi fanko, a cika da audugar gilashi ko ta dutse irin ta rufin gini, saman a yi filawud biyu a haɗa da gam da sukurori, in ba haka ba wufa na bugawa zai riƙa amsawa kamar ganga.

Wayoyi kuwa ka yi sa'a da ba a kafa sikatin ba. Yanzu ne lokacin, a bi da su ta gindin bango a cikin fayif sikatin ya rufe. Ƙarƙashin kafet ban ba ka shawara ba, za ta yi tudu, ana taka ta kullum, ga ƙusoshin katakon riƙo suna jiranta a bakin bango. Wayar wuta kam haramun ne ma a ƙarƙashin kafet, gobara ce. In kana son soket a dandamali don kujeru masu kwanciya a kai shi ta fayif tun yanzu. Na majigi a silin ka sa fayif mai faɗi, milimita 32 ko 40, saboda kan HDMI, wato wayar da ke kai hoto ga majigi, ya wuce ba tare da an sha wahala ba, ka bar igiya a ciki don ranar da za ka canja waya. In nisan ya kai mita 10 nemi HDMI mai zaren gilashi, kuma shi gefe ɗaya yake aiki, an rubuta wanne kai ne na majigi, duba kafin ka ja.

In allon mai inci 120 ne faɗinsa mita 2.66 kenan, a bangonka zai bar maka kusan santimita 57 kowane gefe, sifikun gaba za su samu wuri. Amma kar ka rataya allo ko majigi sai masu kafet sun tafi an zuƙe ƙura, gashin da ke tashi wajen yanka ba kaɗan ba ne kuma fankar majigi jawo shi take yi.

Uwar_Gida_A

Ni dai shawarata kar ka sa baƙin kafet wuluk don bango da silin sun yi duhu. Mun sa, kyau kam a ranar farko ba a magana, amma ko zare ɗaya ya faɗi sai ka gan shi daga bakin ƙofa, shara ba ta ƙarewa. Ɗauki mai duhu mai ɗan zane ko ɗigo-ɗigo, toka ko ruwan ƙasa ko shuɗi mai duhu. Mai haske ne dai ba a so don yana mayar da hasken allo. Kuma ka duba kafet ɗin nan na gutsi-gutsi mai santimita 50 da 50, in yara sun zubar da abu ɗaya za ka ɗaga ka canja, ba ja ba ƙusa, sikatin ɗinka ma ba abin da zai same shi.

Mai_Majigi

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Hajiya na duba na gutsi-gutsin amma siriri ne ba laushi, yara kuma a ƙasa suke son kwanciya in ana kallo, zan dai bi shawararki a kan launi. Dan_Fenti fentin ruwa ne kuma bai daɗe ba, zan jira. Baba saura abu ɗaya, tunda daɓen siminti ne ya za a kafa katakon riƙon, ƙusa za ta shiga kuwa? Kuma daɓen sabo ne, akwai matsala?

Baban_Kafet

Akwai kuwa, gara da ka faɗa. Sabon daɓe sama ya bushe ciki da ruwa, ka rufe shi da soso da kafet danshin ba inda za shi, sai wari da fumfuna, ɗakin kallo kuma kullum a rufe yake ba rana ba iska. Lissafin da ake yi kusan kwana ɗaya ga kowace milimita ɗaya ta kauri, daɓen santimita 4 ka ba shi kwana 40 kenan, in ya fi haka kauri ko lokacin danshi ne ya fi haka daɗewa. Gwaji mai sauƙi, yanko leda mai kauri santimita 45 da 45 ka shimfiɗa a daɓen ka manne gefe huɗun da tef kar iska ta shiga, ka bar ta aƙalla awa 16, ni nakan ce a bar ta kwana biyu. In ka ɗaga ka ga raɓa a jikin ledar ko simintin wurin ya fi sauran duhu, bai yi ba, a ƙara jira. Yi a wuri biyu ko uku, har da lungun da ya fi nisa da taga.

Katakon riƙo akwai na siminti, da ƙusoshinsa na kankare a jiki yake zuwa. In daɓen yana farfashewa ƙusa ba ta kamawa sai a yayyanka katakon gajeru-gajeru a manna da gam mai ƙarfi a bar shi ya kwana kafin a ja kafet, ko a huda da diril a sa fulogin roba mai riƙe sukuru. Wajen buga ƙusoshin nan ma guduma na wucewa dab da sikatin, don haka tef da kwalin su riga su hau kafin a fara wannan, ba sai an zo shimfiɗa ba. Kuma ka nuna wa mai bugun inda fayif ɗin wayoyinka ya bi, ka ja layi da alli a ƙasa ya gani.

Kafet ɗin a kawo shi kwana ɗaya kafin aiki a warware shi a ɗakin ya saki jiki, an fi jin daɗin jansa. Bayan an gama ka bar ƙofa da taga a buɗe da fanka kwana biyu zuwa uku warin sabon ya fita, sannan ka shigo da kujeru, su ma a ɗauke su ɗauka kar a ja.