Neman shawara kan makirufo ga mawaƙiya mai sanyin murya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana harkar sauti game da ƙanwata, wadda take waƙa a wuraren biki, amma muryarta sanyi gare ta, har kiɗa yakan danne ta. Da zarar mun ƙara wa makirufonta ƙarfi a miksa, wato na'urar haɗa sauti, sai lasifika ta ɗauki ƙara mai huda kunne, alhali ta riga ta matso da shi dab da bakinta. An ambata mana makirufo iri biyu, Shure SM58 da Sennheiser e835, sai dai jabun SM58 sun yi yawa a kasuwa, kuma kuɗinmu kaɗan ne. Shin makirufo nau'in kwandensa, wanda yake buƙatar wutar 48V daga miksa, zai fi ɗaukar muryarta, ko kuwa ƙarar ce za ta tsananta? Don Allah a taimaka mana, domin abin yana damuna ƙwarai.