Hissar nashidi (darasin waƙa) a fasal (aji) na biyu, ku ba ni shawara dan Allah

Ustaza_Gadarif:
Salamu alaikum 'yan uwa malamai. Ina koyarwa a wata madarasar ibtida'i, wato firamare, nan Gadarif, fasal na biyu, yara sun kai 60 tunda aka ƙaro mana waɗanda suka gudo daga Khartum da Madani bayan yaƙin da ya ɓarke a 2023. Hissar nashidi ce ta ɗaure min kai wallahi. Wasu sau biyu zan rera sun haddace har sun koma tsokanar na kusa da su, wasu kuma Hausa ce a bakinsu daga gida Larabcin bai zauna ba sai motsa leɓe kawai. Akwai yaro ɗaya kunnensa ba ya ji sosai, sai wata yarinya mai i'ina da ta daina buɗe baki kwata-kwata tun ranar da aka yi mata dariya, ita ce ta fi tsaya min a rai. Minti 40 ne kacal, ya zan yi da su?

Tsohon Malami Maiwurno:
Wa alaikumussalam 'yata. Ki tuna yadda kuke gaɗa kuna yara, ɗaya ta bayar saura su amsa, ba wadda ake zaunarwa. Haka za ki yi. Masu saurin haddar nan ki ba su bayarwa bi da bi, aiki ya same su tsokana ta ƙare, marasa Larabci su riƙe amshi, layi ɗaya gajere da tafi, amma ki fara faɗa musu ma'anar da Hausa tukunna don yaro ba ya riƙe abin da bai gane ba. Karin ba zai ba su wuya ba, waƙar Sudan yawanci kan sauti biyar take, sullam khumasi, kunnenmu ya saba da irinsa tun a goye. Ita kuma yarinyar kar ki kuskura ki tsayar da ita ita kaɗai, masu i'ina da yawa in ana rerawa tare harshensu sakewa yake, na gani da idona ba sau ɗaya ba. Ki sa ta tsakiyar ƙawayenta ki yi kamar ba ki kula ba.

Maman Husna:
Ustaza ɗana ma haka yake da kunne. Ki dawo da shi bencin gaba inda zai ga bakinki, kar ki rera kina fuskantar allo. In kina da daluka, gangar nan ta Sudan, ki ɗora tafin hannunsa a jikinta ana bugawa, a jiki yake jin bugun, daga baya ki miƙa masa ya buga da kansa. Kuma ki ce wa iyayen su kai shi likitan kunne, wani sa'in ruwa ne ya taru a ciki ana iya magance shi.

Abu Kasala:
Ni dai gangar nan a bi ta a hankali. Yaran da suka fito daga Khartum akwai waɗanda ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai sun shige ƙarƙashin benci, nawa fasal ɗin akwai biyu. Ki fara da tafi sannu-sannu, ki sanar kafin a buga. Sannan ki ji ta bakin mudir, shugaban makaranta, wasu iyayen ba sa son kiɗa amma duffi da tafi ba sa cewa komai.

Ustaza_Gadarif:
Allah ya saka da alheri. Baba na gwada amshin yau, yarinyar ba ta rera ba amma ta yi tafi har ƙarshe. Daluka ba ni da ita sai dai in aro ta maƙwabciyata ranar Lahadi, Abu Kasala zan fara ganin mudir ɗin.