Shawarwarin tsofaffi ga mai rubuta soyayyar zamanin da

Ranar kasuwa da yamma muka zauna a wani zaure a karkarar Ringim, mu matasa masu rubutu da tsofaffi uku. Ga abin da na tsinta.

Iya ce ta fara: kada ka sa saurayi ya shiga ɗaki zance. A dandali ake haɗuwa, da farin wata, 'yan mata na gaɗa, mai kalangu na kiran sunan budurwa, saurayi ya yi mata kari don a san da shi. Nan kishi yake, nan labari yake. Ta ce lefe ma asalinsa kwando ne na kaba, ba akwati ba, a zuba saƙi da turare a rufe da faifai. Da ta zo kan kamu da sa lalle, sai muryarta ta yi rawa, ta kama waƙar kukan amarya. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Baba kuwa lokaci ya dame shi. Turawa sun ci Kano a 1903, Haɗeja a 1906, don haka in labarinka ya riga wannan, da kuɗin wuri za a biya sadaki, ba da sule ba. In kana son rabuwa mai ciwo, tura saurayin fatauci Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, sayo goro da ayarin jakuna; sai ya shafe watanni, wani ya riga shi kai toshi.

Kan fitila an yi gardama kaɗan, aka tsaya a aci-balbal.