Sati uku bayan tiyatar rage tumbi, suga na ta faɗuwa: ina neman shawara

Maman Yusra:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau sati uku ke nan da aka yi mini tiyatar rage ƙiba saboda ciwon suga, irin wadda ake mayar da tumbi ɗan ƙarami a haɗa shi da hanji can gaba, wato baifas. Shekarata 41, na shekara takwas da suga nau'i na biyu. Ina yin allurar insulin da dare, ina shan gliclazide da metformin, kuma ban rage komai ba tunda ranar komawata asibiti sai nan da sati biyu. Kwana uku ke nan ina farkawa da asuba jikina na ɓari, gumi sharkaf. Jiya na gwada sugata da na'ura na ga 58. Abinci kuwa cokali huɗu na ƙoshi, in na sha abu mai zaƙi sai zuciyata ta hau bugawa, jiri ya kwashe ni. Sikeli ma ya tsaya cak wannan satin. Don Allah me zan yi, kuma yaya ake zama da wannan sabon cikin?

Anti Larai:
Wa alaikumus salam. Sannu da jiki ƙanwata, Allah ya ƙara sauƙi. Maganar 58 ɗin nan ba ta jiran sati biyu. Yau ɗin nan ki kira likitan da ke duba sugarki ko waɗanda suka yi miki aikin, kafin lokacin allurar dare ya yi. In wayar ba ta shiga ba, a kai ki asibiti.

Ga abin da ke faruwa. Magungunan nan an auna su ne da jikinki na da, mai cin faranti guda. Yanzu cokali huɗu kike ci. Bayan haka, baifas na sa hanji ya riƙa fitar da wani sinadari mai suna GLP-1 da yawa, shi kuma yana zaburar da jiki ya saki nasa insulin ɗin. Shi ya sa sugar mutane da yawa ke sauka cikin 'yan kwanaki, tun ƙiba ba ta fara zubewa ba. To ga allura, ga gliclazide mai tilasta wa jiki fitar da insulin ko an ci ko ba a ci ba. Yawanci gliclazide da glibenclamide su ake fara tsayarwa, insulin kuma a rage shi sosai. Amma nawa za a rage, likita ne zai faɗa bayan ya ga lambobinki.

Don haka ki riƙa gwadawa da asuba, kafin kowane abinci, da lokacin kwanciya, a 'yan kwanakin nan har da ƙarfe uku na dare, kina rubutawa. Duk abin da ya gaza 70, ko 3.9 in na'urarki ƙananan lambobi take bayarwa, suga ya faɗi. Ki tauna ƙwayoyin gulukos da suka kai giram 15, ki jira minti 15, ki sake gwadawa. In bai haura 70 ba ki maimaita. Da ya dawo, ki bi shi da ɗan abu mai furotin kamar yogot marar suga don kada ya sake sulalewa. Ki ajiye ƙwayoyin a gefen gado, ki nuna wa mutanen gida. In suka tarar ba kya cikin hayyacinki, kada su ɗura miki komai a baki, asibiti kawai.

Yaya Binta:
Anti, ai ni na san ruwan lemo ake ba wanda sugarsa ta faɗi. Ya ba ki ambace shi ba?

Anti Larai:
Gaskiyarki Binta, rabin kofi na ruwan 'ya'yan itace ya kai wajen giram 15 ɗin, kuma in shi ne a kusa a sha, ba a tsayawa neman ƙwaya ana cikin wannan hali. Na fi son ƙwayar ne don a aune take. Mutum in jikinsa na rawa kwankwaɗa yake yi ba lissafi, wanda aka yi wa baifas kuwa zaƙi mai yawa a tashi ɗaya sai ya cilla sugarsa sama, jiki ya mayar da martani da insulin, bayan awa biyu a koma gidan jiya.

Malam Habu:
Hajiya, bugun zuciya da jirin da kike ji bayan zaƙi daban ne da na asuba. A da akwai wata 'yar ƙofa a ƙasan tumbi da ke sakin abinci kaɗan-kaɗan zuwa hanji. Baifas ya kauce mata, sabon tumbinki kuma girmansa bai wuce ƙwai ɗaya ba, wajen mililita 30. Abu mai zaƙi sai ya zubo hanji gaba ɗaya, ya janyo ruwa daga jini, cikin minti 10 zuwa 30 ki ji jiri, murɗar ciki, gumi, wani lokaci har da zawo. In ya zo ki kishingiɗa, zai wuce. Akwai kuma na biyu mai zuwa awa ɗaya zuwa uku bayan cin abinci, wannan faɗuwar suga ce ta gaske, kuma ya fi bayyana bayan shekara guda ko fiye, har ga wanda ya daina shan magani. Ki san da shi tun yanzu don kada ya zo miki a baƙo.

Cokali huɗu a sati na uku ba laifi ba ne. Yawanci sati biyun farko ruwa-ruwa ne, na uku da na huɗu abin da aka markaɗa ya yi sumul, sannan mai laushi, a kai ga abincin kowa wajen sati na shida zuwa na takwas. In takardar da aka ba ki ta bambanta, ita za ki bi. Abin da za ki sa wa ido shi ne furotin, giram 60 zuwa 80 a rana, kuma da shi za ki fara duk zaman cin abinci. Ƙwai ɗaya wajen giram 6 ne, kin ga tafiyar da nisa, shi ya sa ake haɗawa da kifi, kaza da aka markaɗa, madara, da garin furotin marar suga. Ki raba cin gida biyar ko shida, ƙaramin cokali, kowane zama minti 20 zuwa 30. Da kin ji nauyi a ƙahon zuciya ko shaƙuwa ta taso, ajiye cokalin. Loma ɗaya a kan wannan ita ke jawo amai.

Ruwa lita ɗaya da rabi aƙalla, kurɓi-kurɓi tun safe har dare. Kada ki haɗa shi da abinci, ki ba da minti 30 bayan kin gama, domin ruwa na wanke abincin ya tura shi hanji da wuri. Lemon kwalba mai gas ki yi sallama da shi. In fitsarinki ya yi duhu, ruwan bai isa ba.

Baba Sale:
'Yata, ni abin da na fi jiye wa masu wannan aikin shi ne bitamin, don illarsa ba ta ihu, sai ta yi nisa ake ganewa. Sashen hanjin da aka tsallake shi ne ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam, ƙaramin tumbi kuma ba ya iya sarrafa B12 yadda ya kamata. Saboda haka shan su na har abada ne, ba sai an ji ciwo ba.

Bitamin mai haɗe-haɗe kullum, a watannin farko na taunawa ko na ruwa. Kalsiyam miligiram 1,200 zuwa 1,500 a rana, a raba shi gida biyu ko uku tunda jiki ba ya ɗaukar fiye da 500 zuwa 600 a lokaci guda, kuma nau'in citrate ya fi shiga ga mai ƙarancin ruwan tsamin ciki. Bitamin D yawanci ana farawa da 3,000 IU a rana (IU ma'aunin bitamin ne da ake rubutawa a jikin kwalin). Mace mai al'ada na buƙatar sinadarin ƙarfe miligiram 45 zuwa 60. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗiye ƙarfe da kalsiyam tare: suna hana juna shiga, a sa awa biyu tsakaninsu. B12 kuwa ko ƙwaya kullum ko allura, wasu wuraren duk wata uku.

Ga wanda nake so ki riƙe da kyau. Jiki ba ya ajiye bitamin B1 fiye da na sati biyu zuwa uku. In amai ya matsa miki kwana biyu, uku, ba abin da ke zama, kada ki ce bari ya wuce. Ƙarancin B1 na taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi: ruɗewa, ganin abu biyu-biyu, tangaɗi wajen tafiya. Ki gaya wa duk likitan da ya karɓe ki cewa an yi miki baifas, don a ba ki B1 kafin ko tare da ƙarin ruwa mai suga.

Sai maganin ciwon jiki. Ibuprofen, diclofenac da danginsu na haddasa gyambo daidai wurin da aka haɗa tumbi da hanji. Farasitamol ne naki. Taba ma haka take yi wa wurin.

Hajiya Asabe:
Ƙanwata, sikeli kada ya ɗaga miki hankali. Tsayawar sati na uku sananniya ce, jiki ne ke daidaita ruwansa. Ki riƙa hawa sau ɗaya a sati, ramar za ta ci gaba har wata 12 zuwa 18. Ki yi tattaki kullum, amma ban da ɗaukar kaya mai nauyi sai an yi sati shida. Wajen wata na uku zuwa na shida gashi zai zube, ki ga mataji cike, yana dawowa in furotin da ƙarfe sun wadata. Saurin rama na kawo tsakuwa a matsarmama, ki tambaya ko za a ba ki maganin kariya na wata shida.

Maganar mata kuma: haihuwa na buɗewa da zarar ƙiba ta fara sauka, ko da al'ada ta daɗe tana wasa. Ana so a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, ƙwayar tazarar haihuwa ta sha kuma ba abin dogaro ba ce bayan baifas, a zaɓa miki wata hanyar.

Ko an tsayar miki da duk magunguna, kada ki ce kin rabu da suga. Likitoci na cewa ya lafa ne in gwajin HbA1c, wato gwajin jini mai nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, ya zauna ƙasa da 6.5 aƙalla wata uku ba magani, kuma yana dawo wa wasu bayan shekaru, musamman wanda ya daɗe da shi har ya kai ga insulin. Gwajin ido, ƙoda da ƙafa na shekara-shekara na nan daram. Na ido ma ki gaggauta shi, domin saukar suga da sauri kan tsananta matsalar bayan ido ga wanda dama yana da ita.

Maman Yusra:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na samu likita, ya ce in bar gliclazide, ya rage insulin, in turo masa lambobina bayan kwana uku. Saura metformin, ƙwayar babba ce tana tsaya mini. In daka ta?

Anti Larai:
Alhamdu lillahi. Duba kwalin tukuna. In akwai XR, SR ko MR a jikin sunan, mai narkewa a hankali ce, ba a daka ta, kuma bayan baifas ba ta cika shiga jiki daidai ba. Ki nemi a canza miki zuwa ta yau da kullum ko ta ruwa. In kina shan maganin hawan jini ko mai sa fitsari, ki faɗa masa shi ma, don jirin miƙewa tsaye kan nuna ya yi miki yawa yanzu. Duk wanda ke karanta wannan yana kan maganin suga na empagliflozin ko dapagliflozin ya tambayi likitansa, suna iya sa jini ya yi tsami ga mai cin abinci kaɗan ko da na'ura na nuna suga lafiya. Mai nau'i na ɗaya kuwa ba ya barin insulin ko kusa.

Har yanzu ɗinkin ciki ɗanye ne, ƙanwata. In kin ji bugun zuciya ya haura 120 a minti kina zaune, ko zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani, ciwon kafaɗar hagu, numfashi sama-sama, kumburin ƙafa ɗaya, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, kada ki tsaya rubuto mana, a wuce da ke asibiti ko tsakar dare ne. Yau ma ki sa ƙararrawar ƙarfe uku ki gwada.