Yaya ake gane dandalin zuba jari na bogi kafin a tura kuɗi?

Sa'adatu:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana harkar kuɗi. Akwai manhajojin da ake ta tallatawa a WhatsApp da Telegram, suna cewa mutum-mutumin kwamfuta ne ke yi musu cinikin kirifto (kuɗin intanet irin su Bitcoin), ribar kashi 1 cikin 100 a kullum, kuma in ka kawo wani a ba ka kamasho. Suna nuna takardar rajista da hotunan waɗanda suka cire kuɗi. Me ya kamata a duba kafin a amince? Kuma in har mutum ya gwada ya cire kuɗinsa sau ɗaya lafiya, wannan bai isa hujja ba?

Malam Ilyasu:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da lissafi, don shi ba ya jin romon baka. Kashi 1 a kullum kamar ba komai ba ne, amma in ana mayar da ribar cikin uwar kuɗi, dala 1,000 za ta koma kusan dala 37,800 a shekara guda. Kashi 30 a wata, irin alkawarin da MMM ta Sergei Mavrodi ta riƙa yi, ninki 23 ne a shekara. Ki auna da wannan: manyan hannayen jarin Amurka na ma'aunin S&P 500, in aka ɗauki dogon lokaci, kusan kashi 10 suke bayarwa a shekara, kuma da shekarun asara a ciki. Warren Buffett, attajirin Amurka da duniya ke jinjina wa a harkar zuba jari, kusan kashi 20 ne a shekara. Wanda ke da injin da ya ninka Buffett sau ɗari ba ya buƙatar dala 100 ɗinki. Banki zai ba shi rance da gudu.

To daga ina ake biyan na farko? Daga kuɗin na baya. Abin da Charles Ponzi ya yi ke nan a Boston a 1920, da alkawarin kashi 50 cikin kwana 45. BitConnect, wani dandalin kirifto, ma da labarin mutum-mutumin ciniki ta zo, ta rufe a Janairun 2018. Kamashon kawo mutane shi ne babbar alama, domin tsarin ba ya numfashi sai da sabon kuɗi. In kowa zai kawo mutum 6, a mataki na 13 ana buƙatar mutum sama da biliyan 13, alhali duk duniya biliyan 8 da ɗoriya ne. Rushewar ba tsautsayi ba ce, tun ranar farko a rubuce take.

Hajiya Balaraba:
Malam Ilyasu ya yi gaskiya, amma kada a ɗauka cewa sai riba ta yi yawa ake zargi. Bernie Madoff, mai kamfanin zuba jari a Amurka, bai yi alkawarin ninki ba. Kusan kashi 10 zuwa 12 yake nunawa a shekara, sai dai ko kasuwa ta hau ko ta faɗi, shi tasa ribar a miƙe take kamar an ja layi da rula. Da asirinsa ya tonu a Disamban 2008, takardun abokan hulɗarsa na nuna kusan dala biliyan 65 da babu su. Don haka kalmar da za ki kama ita ce "tabbas". Ciniki na gaske yana da ranar asara. Wanda ya ce babu haɗari, ya riga ya faɗa miki ko shi wane ne.

Batun takardar rajista kuma, a nan ake yaudarar mutane da yawa. Rajistar kamfani daban, lasisin karɓar jarin jama'a daban. Ta farko kowa na iya yi ta intanet cikin kwana ɗaya ko biyu, a Ingila misali, kuma ba ta nufin wani ya binciki harkar. Lasisi kuwa hukumar kula da hada-hadar jari ce ke bayarwa, kamar SEC a Amurka ko FCA a Birtaniya, kuma kusan kowace ƙasa tana da irin tata. Ki buga adireshin hukumar da hannunki, kada ki bi mahaɗin da suka turo. Ki nemi sunan kamfanin a kundinta, sannan ki duba jerin waɗanda ta yi gargaɗi a kansu. In kin same shi a kundin ma aiki bai ƙare ba, domin 'yan damfara kan ari suna da lambar lasisin kamfani na gaske. Ki gwada lambar waya da adireshin shafin da ke kundin da waɗanda aka ba ki, harafi bayan harafi. Sau da yawa bambancin harafi ɗaya ne, ko an ƙara wata kalma a ƙarshe.

Ki kuma saka adireshin shafin a shafin binciken WHOIS, mai nuna ranar da aka yi wa adireshin shafi rajista, kyauta ne. Kamfanin da ke tutiyar shekara 10 yana aiki, amma shafinsa wata 4 da buɗewa, ba sai an yi dogon bayani ba.

Sa'adatu:
Na gode ƙwarai. Saura batun cire kuɗin, don shi ne ya fi rikita mutane.

Injiniya Haruna:
'Yar'uwa, wannan cirewar ta farko ba hujja ba ce, tsaba ce ake watsa wa kaza. An saka dala 200, an bari an cire 230, su a wurinsu kuɗin talla ne. Hankali ya kwanta, sai a saka 5,000, a kira dangi. Lambobin da ke hawa a fuskar wayar kuwa rubutu ne kawai, mai manhajar ke saka abin da ya ga dama. Babu wani ciniki a bayansu. Kuɗin tun lokacin da aka tura ya wuce.

Ranar da aka nemi cire mai yawa, a nan fim ɗin ke canjawa. Sai a ce an daskarar da asusun, sai an biya haraji kashi 10 ko 20, ko kuɗin tantancewa, ko a ɗaga matsayi zuwa wani mataki. Kamfani na gaske yana zare cajinsa daga cikin kuɗin da ke hannunsa, ba ya cewa a turo sabo. Duk abin da aka ƙara a wannan gaɓar ya bi na farko.

Ki lura da hanyar biya ma. In an ce a tura asusun wani mutum maimakon na kamfani, ko lambar asusun na sauyawa kowane mako, ko kirifto kawai suke karɓa, to an zaɓi hanyar da kuɗi ba ya dawowa ne. Abin da aka tura ta kirifto irin su USDT ko Bitcoin babu maɓallin janye shi. Haka in an ce a sauke manhaja ta mahaɗi, ba daga Play Store ko App Store ba, ko a saka AnyDesk ko TeamViewer "don a taimaka": wannan miƙa wayar ce gaba ɗaya, har saƙon lambar sirri na banki suna gani. Kalmomin sirri 12 ko 24 da ke buɗe lalitar kirifto kuwa, wanda ya same su ya mallaki komai.

Wata hanyar ba ta talla ba ce. Saƙo ne zai shigo kamar an yi kuskuren lamba, a yi ta hira makonni, abota ko soyayya, ba a ambaci kuɗi ba sai an saba. Hotunan shaida da bidiyon fitattun mutane irin su Elon Musk suna yabon dandali kuwa, yanzu da ƙirƙirarriyar basira ake haɗa su, har da murya.

Hajiya Balaraba:
Ƙari kaɗan ga wanda ya riga ya tura. Ya daina biya nan take, ya kira bankinsa a ranar, domin a sa'o'in farko ne ake iya tare kuɗi kafin a rarraba su. Ya ɗauki hoton hirarraki, lambobin asusu da lambar shaidar kowace turawa kafin a goge rukunin WhatsApp ko Telegram ɗin, ya kai wa 'yan sanda da hukumar jari. In ya saka manhajar da ke ba wani ikon wayarsa, ya cire ta, ya sauya kalmomin sirri daga wata na'urar. Bayan 'yan makonni wani zai tuntuɓe shi, lauya ko "ƙwararren mai dawo da kirifto", ya ce a biya kafin alƙalami. Galibi mutanen farko ne, ko waɗanda suka sayi jerin sunayen daga hannunsu, shi ya sa za a ji sun san adadin da aka yi asara daidai.