Wace kalma za mu ba "perle de culture" da Hausa?

Hajiya Mai Kayan Lefe: Salamu alaikum ƴan uwa. Gobe ƙarfe tara za a ɗauki tallar shagona a gidan rediyo, kuma sun ce Hausa zalla suke so. Sarƙoƙin da na saro, takardarsu ta ce da Faransanci perle de culture d'eau douce. In na ce perle, a nan Maradi har dutsen roba na jigida perle ne. In na ce lu'ulu'u, rabin mata daimon za su ji. Ku agaza mini.

Malamin Lakwal: Amin alaikumus salam Hajiya. Lu'ulu'u dai shi ne sunansa, shi ne Suratur Rahman ta ambata tare da murjani. Na ruwa ne. Daimon ne ya zo ya yi masa kwanan gida. Abin da ya rage culture, ni kuwa na ce lu'ulu'un kiwo, kamar kifin kiwo.

Amaryar Bana: Kiwo? Sai ka ce kajin gidan gona. Uwar miji na jin haka za ta ce jabu aka zuba wa ɗiyar mutane a akwati.

Malamin Lakwal: Ba jabu ba ne, ƙanwata. Ƙumbar ruwa, mai ɓawon nan, ita ce ke yin sa da kanta, mutum tsokanarta kawai yake yi. A buɗe ta, a sa mata ɗan yankin tsokar wata ƙumbar, a mayar da ita ruwa ta yi shekaru tana lulluɓe wurin da sheƙinta. Wani Bajapane, Mikimoto, ya fara samun nasara a 1893. Na ruwan daɗi kuwa kusan duk daga Sin suke, babbar kasuwarsu kuwa garin Zhuji. Ƙumba ɗaya can tana ba da ashirin ko fiye, ta teku irin Akoya ɗaya ko biyu. Shi ya sa kuɗinsu bai zama ɗaya ba.

Mai Lambu: To ai wannan aure ne, irin wanda muke yi wa mangwaro. Faransawa ma greffe suke cewa a Tahiti. Lu'ulu'u mai aure. Ga lefe ga aure, Hajiya, tallarki ta rubuta kanta.

Hajiya Mai Kayan Lefe: Kai Mai Lambu, Allah ya shirye ka. Sai zawarawa su ce ban da su.

Baba Maƙeri: Duk kun ɓata. Lu'ulu'u Larabci ne, an ce Hausa zalla. Abin da ƙumba ta haifa, ɗiyan ƙumba ne. Haka na daɗe ina faɗi ma yarana a maƙera, babu wanda ya taɓa ruɗewa.

Malamin Lakwal: Baba, da girmanka, zinariyar da kake narkawa daga dinari ta fito, azurfa kuma aron Abzinawa ce. In za mu kori baƙi, maƙerarka za ta fara zama kango.

Baba Maƙeri: Waɗannan sun daɗe, sun zama ƴan gida. Ɗiyan ƙumba.

Ɗan Kano: Mu dai a nan ƙumba farce ce. Ɗiyan farce kuma? Kuma "ɗiya" ma ai mace ɗaya ce a daidaitacciyar Hausa.

Baba Maƙeri: Yaro, Katsinawa sunka kafa Maradi, ba mu koyon Hausa wurin mutanen da ke ce ma mota "mato". Kakarka da mi take kankare ƙanzo in ba ƙumba ba?

Amaryar Bana: An fara. Kullum sai an kai mu Kano an dawo.

Hajiya Mai Kayan Lefe: Don Allah Baba, a bar Kano ta kwana. Ni damuwata mai saye ta gane dalilin da sarƙa mai ƙwaya milimita 7 zuwa 8, zagayayya mai sheƙi, ta ninka mai kamar ƙwayar shinkafa kuɗi, alhali ruwa ɗaya suka fito. Ta san kuma ƙullin da ke tsakanin kowace ƙwaya a zaren siliki ba ado ba ne kawai, don kada su goge juna ne, in ya tsinke kuma kada su watse a tsakar gida. Abin da ya fi cin raina humra. Wata ta fesa turare a kan tata har ta dushe, ta dawo tana cewa na cuce ta. Dole in faɗi a rediyo: a gama turare tukuna, sannan a ɗaura.

Baba Maƙeri: Wannan gaskiya ne. Ki ƙara da gwajin haƙori: na ƙwarai kaushi-kaushi yake kamar rairayi, na roba sulɓi. Masu ruwan toka da masu karkace ki kawo in haɗa miki da azurfa irin aikin Agadas, farare da masu ruwan hoda su zinariya ke karɓa. Amma sunan na nan yadda na ce.

Malamin Lakwal: Saura eau douce. Lu'ulu'un tabki?

Mai Lambu: Sai a ɗauka daga tabkin Madarunfa ta kwaso. Ruwan daɗi ya isa, kishiyar ruwan gishiri.

Hajiya Mai Kayan Lefe: To ga abin da na rubuta: "lu'ulu'un ruwan daɗi, na kiwo, ba roba ba, ba daimon ba." Ya yi tsawo, kuma daƙiƙa talatin kawai na biya, amma haka zan shiga da shi. Kiwon nan har yanzu bai kwanta mini ba.

Amaryar Bana: Ki faɗe shi da sauri Hajiya, yadda uwar miji ba za ta ji ba.

Baba Maƙeri: Je ki faɗi. In kin zo karɓar ƴan kunnen ranar Juma'a, ɗiyan ƙumba za ki tarar an rubuta a rasit.