A taimaka: Umma na haɗa 1776 da 1787, intabiyu saura mako uku

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, hankalina a tashe yake. An sa wa Umma ranar intabiyun zama 'yar ƙasar Amurka, saura mako uku. Shekarunta 57, muna Bronx a birnin New York. Tun rasuwar Baba ita ke riƙe mana yara in mun fita aiki. Yayana yana wata jihar, ya ce ba ruwansa tunda da ma bai so a nema mata ba, matarsa ma ta sa baki, maganar dai doguwa ce. Umma ta haddace tambayoyi ɗari na jarrabawar intabiyun daga wani bidiyo, a jere tana kawo su tas. Amma da na tsallake jeri sai komai ya dagule. In ce yaushe aka rubuta kundin tsarin mulki, ta ce 1776. In ce haƙƙi ɗaya daga gyara na farko, ta ce rayuwa. Wa ya rubuta takardar 'yancin kai, ta ce Washington. Jiya har kuka ta yi. Yaya zan yi?

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, wa ya ce miki ɗari ne? Ɗauko takardar shaidar karɓar fam ɗin neman zama ɗan ƙasa, wato N-400, mai lamba I-797C, ki duba ranar da aka karɓa. In kafin 20 ga Oktoba 2025 ne, tsohuwar jarrabawa ce: tambayoyi 100, a yi mata har 10, ta ci 6. In daga wannan rana zuwa sama ne, 128 ne, a yi mata har 20, sai ta ci 12.

Rikicewar kuwa ba laifinta ba ne. An ba ta amsoshi ba a gaya mata takardu uku ne daban ba. Ta 4 ga Yuli 1776 sanarwa ce cewa yankuna 13 sun ɓalle daga Ingila. Thomas Jefferson ya tsara ta, kuma a cikinta ne rayuwa da 'yanci da neman farin ciki suke. Ba ta kafa majalisa ba, ba ta kafa kotu ba. Bayanta suka gwada wata yarjejeniya da ta fara aiki a 1781, gwamnatin tsakiya ba ta da ikon karɓar haraji, abu ya ƙi tafiya. Shi ya sa aka taru a Filadelfiya a 1787 aka rubuta kundin, aka sa hannu 17 ga Satumba. Washington ne ya shugabanci taron, nan ne gurbin sunansa. Jefferson ma ba ya nan, yana Faransa a matsayin jakada. Masu adawa suka ce kundin bai lissafa haƙƙin mutane ba, James Madison ya tsara gyare-gyare, goma suka tabbata a 1791, su ne Bill of Rights. Na farkonsu: 'yancin magana, addini, jarida, taro, kai koke ga gwamnati. Ki gaya mata wannan da Hausa tukuna, sannan a koma Turanci.

Hajiya Uwani: Malam, tsohuwa za ka ɗora wa tarihi a mako uku? 'Yata, mai shekara 55 da ya yi 15 da girin kad, wato katin zaman dindindin, an ɗauke masa Turanci, da harshensa zai amsa. Ki nemi tafinta kawai. Masu cika wa mutane fam su karɓi kuɗi ba sa faɗar wannan, su dai a biya su. Allah ya isar wa bayinsa.

Malam Garba: Hajiya, da sharaɗi. Shekarun ana ƙirga su ne a ranar da aka shigar da fam, kuma daga ranar da ke jikin katin, wurin da aka rubuta Resident Since, ba ranar da ta sauka ƙasar ba. In 14 ne da 'yan watanni, babu. Ko ta cancanta, Turanci kaɗai aka ɗauke, tambayoyin tsarin mulki suna nan, tafintan ma ku za ku zo da shi. Ƙanwata, me ke jikin katin?

Maman Ilham: Ta zo a 2009, katin kuma daga baya ya fito, ban riƙe shekarar ba. Amma Umma ba ta son tafinta, ta ce da bakinta za ta amsa. Bidiyon kuma maƙwabciyarmu da shi ta ci tata, shi ya sa na yarda da shi.

Baban Sadik: Ni ban ga dalilin canza hanya yanzu ba. Haddarta na da ƙarfi, jerin ne matsalar, domin jami'in ba a jere yake tambaya ba. Yanka kwali, tambaya a gaba, amsa a baya, ki gauraya, 15 bayan asuba 15 bayan isha'i. Wadda ta faɗi ki ware ta gefe ta dawo gobe. Inda amsoshi suke da yawa zaɓar mata mafi gajarta guda ɗaya. Abin da ke kayar da mutane shi ne amsoshin da ke canzawa: shugaban ƙasa, kakakin majalisa, gwamna, sanata, ɗan majalisar mazaɓarku. Masu bidiyo su ɗora abu su bar shi shekaru ba gyara, ba su damu da wanda zai faɗi ba. Duba sunayen a shafin hukumar da ke intabiyun, wato USCIS, daren intabiyu. Babban birnin jiharku Albany ne, kar ta ce New York. Kuma in ba ta ci ba ana sake kira tsakanin kwana 60 zuwa 90.

Malam Garba: Kwali ba zai raba mata 1776 da 1787 ba, Baban Sadik. Ɗauki tambayar abin da ke hana ɓangare ɗaya na gwamnati fin ƙarfi. In ta san majalisa ke yin doka, shugaba na iya hawa kujerar na ƙi, majalisun biyu su tsallake shi da kashi biyu cikin uku, shi ya zaɓi alƙalin Kotun Ƙoli amma sai dattawa sun amince, kotu kuma tun shari'ar Marbury da Madison ta 1803 take soke dokar da ta saɓa wa kundi, to tambayoyi biyar ko shida sun zauna lokaci guda. Haka lambobin: dattawa 100, biyu daga kowace jiha, shekara shida, wakilai 435 bisa yawan jama'a, shekara biyu.

Ummu Hanif: Ana ta koya wa iyayenmu "We the People", wato "Mu jama'a", kalmomin da suka buɗe kundin, amma a 2000 da 2016 wanda ya fi yawan ƙuri'u bai hau mulki ba. Mazauna birnin Washington kuma ba su da sanata ko ɗaya. Wannan adalci ne?

Malam Garba: Ba yawan ƙuri'un jama'a ke ba da shugabanci kai tsaye ba, wakilan zaɓe ne, su 538, mai 270 ya ci. Sauya wannan tsari sai an gyara kundi, da kashi biyu cikin uku na majalisun biyu da amincewar jihohi 38, shi ya sa gyara 27 kacal aka yi, na ƙarshe a 1992. Amma ba wannan aka tambaya ba. Ƙanwata, ranar takardar?

Maman Ilham: Takardun suna hannun wanda ya cika mana fam, na kira bai ɗauka ba. Malam na gode, amma ina tsoron in kawo mata sabon bayani yanzu ta zubar da wanda ta riƙe. Ku ba ku san Umma ba, in aka canza mata abu sai ta daina gaba ɗaya.

Hajiya Uwani: Ki dai duba katin, 'yata.

Baban Sadik: Karatu da rubutun Turancin fa? Jimla ɗaya cikin uku ake so a kowanne, kuma daga amsoshinta kan fam ɗin ake auna maganarta. Kun taɓa bin fam ɗin tare?

Maman Ilham: Ba mu kai nan ba tukuna. To yanzu ɗari zan ci gaba da su ko ɗari da ashirin da takwas?